Fuga: Gudun Kiɗa da Gudun Kai

A ƙarshen shekarar 1705 wani saurayi ɗan shekara 20, mai kaɗa ogan a wata coci da ke garin Arnstadt na ƙasar Jamus, ya nemi hutun mako huɗu, aka ba shi. Ya ɗora wani ɗan'uwansa a kan aikin, ya kama hanyar arewa a ƙafa, tafiyar kusan kilomita 400, sai birnin Lübeck. Abin da ya kai shi kuwa sauraren wani dattijon makaɗi ne mai suna Dietrich Buxtehude. Mako huɗu ya zama wata huɗu. Da ya dawo magabatan coci suka titsiye shi, ya ce musu ƙarin sani ya je nema a kan sana'arsa. Sunan saurayin Johann Sebastian Bach.

Ranar 17 ga Janairun 1887 kuma, wani dattijo kafinta mai yawon wa'azi, Ansel Bourne, ya shiga banki a birnin Providence na Amurka, ya ciri dala 551, ya hau keken doki na haya, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Sai da safiyar 14 ga Maris ya farka a firgice a garin Norristown na jihar Pennsylvania, yana tambayar mutanen gidan ina ne nan. Su kuwa sun san shi sarai. Ai A. J. Brown ne, baƙon da ya kama ɗan shago mako shida da suka wuce, yana sayar da alewa da 'ya'yan itatuwa da kayan rubutu, mutum mai kamun kai, mai zuwa coci. Shi kuma ya dage cewa bai san wani Brown ba, bai san shago ba, jiya-jiyan nan yana Providence.

Su biyun nan kowa ya bar gida, kowa ya wuce ranar da aka sa ran ganinsa. Na farko ya tafi da saninsa ya dawo da guzuri. Na biyu ƙafafunsa ne suka yi tafiyar, shi ba ya ciki. Amma da kalma ɗaya Turawa ke kiran fasahar da Bach ya yi fice a kanta da larurar da ta sami Bourne: fuga.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta gudu, kuma tana da dangantaka da fi'ili biyu, ɗaya na mai tserewa, ɗaya na mai kora. Makaɗan Turai sun ɗauke ta tun ƙarni na 14 suka sa wa irin waƙar da murya ke bin sawun murya. Likitocin Faransa kuma a ƙarshen ƙarni na 19 suka tsince ta a bakin mutanen gari, inda har gobe da ita ake faɗa in yaro ya tsere daga gidan iyayensa. Kowa da hanyar da ya bi ya iske ta, babu wanda ya je aro wurin wani. Duk da haka, in aka jera ma'anonin biyu sai a ga abin da ɗaya ta riƙe shi ne ya suɓuce wa ɗayar. A tsakaninsu kuwa akwai wata tsohuwar tambaya: mene ne ke sa abu ya ci gaba da zama shi ɗin ne, bayan wurinsa da kamanninsa duk sun sauya?

Mu fara da kiɗan. Bahaushe ya san waƙa mai jagora da 'yan amshi. Shata zai jefa zance ya dakata, 'yan amshi su karɓa, su sauke, ya ɗora. Kowa da lokacinsa, kuma an san wane ne gaba. To, ka ƙaddara jagora ya rera layin farko, ɗan amshi ya karɓe shi, amma jagoran bai dakata ba, ya zarce da wani sabon zance da ya dace da abin da ɗan amshin ke rerawa. Can na uku ya shigo da wancan layin na farko, su biyun ba su tsaya ba. Na huɗu ma haka. Daga nan babu sauran jagora, babu sauran ɗan amshi, kowace murya gashin kanta take ci, amma kunne ba ya jin hayaniya. Wannan ita ce fuga. Kuma murya a nan ba lallai ta maƙogwaro ba ce. Mutum ɗaya a gaban fiyano yana iya riƙe muryoyi huɗu ko biyar da yatsunsa goma.

Ɗan gajeren zancen kiɗan da ake buɗewa da shi, mu kira shi jigo. Shi kaɗai yake fitowa, babu rakiya, domin mai sauraro ya haddace shi. Murya ta biyu ta maimaita shi a wani matakin sauti, galibi hawa biyar sama da inda aka faro ko huɗu ƙasa, ita ce ake kira amsa. Abin da muryar farko ke yi a daidai lokacin, in ya zama duk fitowar jigo sai an ji shi, ya zama abokin jigo ke nan. Idan kowace murya ta faɗi jigon sau ɗaya an gama gabatarwa. Sai ratse: jigon ya ɓuya, muryoyin su yi ta wasa da gutsattsarinsa suna sauya mazaunin sauti, har ya sake ɓullowa ta inda ba a zata ba.

Wanda bai taɓa ji ba ya nemi wadda ake wa laƙabi da ƙaramar fuga, mai lamba BWV 578 a jerin ayyukan Bach. Ta ogan ce, kuma ba ta wuce kimanin minti huɗu ba. Jigon yana fitowa can sama da siririyar murya, ya fara da sautuka masu tsawo, a natse, sannan takunsa ya riƙa ƙaruwa har ya koma sassarfa. Murya ta biyu ta ɗauke shi daga ƙasa kaɗan, ta uku ta ƙara yin ƙasa. Ta huɗu kuwa ba a hannu take ba. Da ƙafafu mai kiɗan ke taka ta, a kan wasu dogayen katakai da ke ƙarƙashin mazauninsa, iska ta bi ta bututun da suka fi kauri, sautin ya fito da nauyin da har a ƙirji ake jin sa. Layin da ɗazu ya fito siriri yanzu ya zama ƙato, amma ba sai an gaya maka ba, ka gane shi. A ƙarshe ma ta ƙafafun yake dawowa, a mazaunin da aka faro, sannan a rufe.

Gwanintar mai fuga tana cikin irin wahalar da zai ba jigonsa ba tare da ya kashe shi ba. Yana iya kifar da shi, duk inda ya hau ya sauka, duk inda ya sauka ya hau. Yana iya jan sa, kowane sauti ya ninka tsawonsa, ko ya matse shi ya koma rabi. Yana iya sa murya ta biyu ta faɗo da jigon tun ta farko ba ta kai ƙarshensa ba, ta uku ta biyo a guje, abin ya zama rige-rige, wanda makaɗa ke kira stretto da harshen Italiya. A shekarar 1722 Bach ya haɗa littafi mai fuga 24, ɗaya ga kowane mazaunin sauti, kowace da shimfiɗarta, kuma bayan kimanin shekara 20 ya ƙara wasu 24. Ta farko a littafin farko gaɓa 27 ce kacal, amma jigonta ya shigo fiye da sau 20, wani kan wani.

Wannan gudu yana da doka mai tsauri, domin duk inda muryoyin suka haɗu dole su dace, kuma kowace in aka ware ta dole ta zama waƙa mai ma'ana ita kaɗai. A watan Mayun 1747 Bach ya ziyarci fadar Sarki Frederick na biyu a Potsdam, kusa da Barlin, inda ɗansa Carl Philipp Emanuel ke aikin kiɗa. Sarkin, wanda shi ma mabushin sarewa ne, ya kaɗa masa wani murɗaɗɗen jigo ya ce a gina masa fuga nan take. Tsohon ya zauna ya gina mai murya uku, babu takarda babu shiri. Mai murya shida a kan wannan jigo kuwa sai da ya koma gida Leipzig ya zauna mata, kafin shekarar ta fita ya aika wa sarki ita a buge.

Duk wannan gini a kan abu ɗaya yake tsaye: tunawa. Zane yana jiran ka, ka dube shi ka sake dubawa. Sauti kuwa da ya wuce ya wuce. In mai sauraro ya manta jigon da aka ba shi a daƙiƙun farko, fuga ta rushe masa, abin da zai ji tarin sautuka ne masu kai da kawowa. Daɗinta duka yana cikin wannan ɗan zaburar da zuciya ke yi idan ta tsinkayi jigon a tsakiyar cunkoso, a kife, ko a miƙe, ko can ƙasa inda ba ta sa ido ba, ta ce ga shi nan. Shi ya sa ake fito da shi shi kaɗai tun farko. Ajiya ce mai kiɗa ke ba mai ji, kuma zai yi ta neman abarsa har a tashi.

A shekarunsa na ƙarshe Bach ya duƙufa kan wani kundi da aka sa wa suna Fasahar Fuga, inda ya ɗauki jigo ɗaya tak ya yi ta juya shi daga fuga zuwa fuga don a ga iyakar abin da ke cikinsa. Jamusawa da haruffa suke kiran sautuka, kuma a tsarinsu akwai B akwai H, saboda haka sunansa yana kaɗuwa: B, A, C, H. A fugar ƙarshe ta kundin ya shigo da waɗannan sautuka huɗu a matsayin jigo na uku. Ya fara haɗa shi da na farko da na biyu ke nan, a gaɓa ta 239, rubutun ya tsaya, sauran shafin fili. Babban jigon kundin bai kai ga shigowa ba, sai a ƙarni na 19 wani masani, Gustav Nottebohm, ya nuna cewa yana zama daram tare da sauran ukun, alamar an tanadar masa gurbi. Bach ya rasu ranar 28 ga Yulin 1750, watanni kaɗan bayan wani Bature ɗan Ingila, John Taylor, ya yi masa aikin ido sau biyu. Ɗansa ya rubuta a gefen shafin cewa a kan wannan fuga mutuwa ta riske shi, ko da yake masana da yawa suna ganin rubutun ya girmi ciwon idon. An buga kundin a 1751. Masana da dama sun ƙarasa fugar kowa da hasashensa, wasu makaɗan kuma inda tawada ta tsaya nan suke ɗage hannu.

Wannan shi ne mutumin da ya saka sunansa cikin gudu. Sai waɗanda gudu ya kwance wa nasu.

A shekarar 1886 wani ɗalibin likitanci, Philippe Tissié, yana zagayen marasa lafiya a asibitin Saint-André da ke birnin Bordo na Faransa, ya tarar da wani saurayi ɗan shekara 26 yana kuka a kan gado. Dawowarsa ke nan daga doguwar tafiya a ƙafa, amma ba gajiya ce ta sa shi kuka ba. Ya san zai sake tafiya, ya bar aiki da dangi, kuma ba shi da ikon hana kansa. Sunansa Albert Dadas, ma'aikacin kamfanin gas. Yana ɗan shekara 12 abin ya fara masa. Ya ɓace daga wurin koyon aiki, sai ɗan'uwansa ya gano shi a wani gari na kusa yana taya mai tallan lema aiki. Da ya dafa masa kafaɗa sai ya zabura kamar wanda aka tasa daga barci mai nauyi, yana mamakin inda yake.

Daga nan abin ya zame masa jiki. Ya ji an ambaci sunan wani gari, sai ciwon kai, sai rashin barci, sai zumuɗi, sai ya kama hanya. Yakan ci har kilomita 70 a yini. Bayan kwanaki ko makonni ya farka a kan bencin titi, ko a hannun 'yan sanda, ko a asibiti, takardun shaidarsa sun salwanta, aljihu wayam. Ya yi ƙwadago ko ya nemi ofishin jakadancin Faransa a taimaka masa da kuɗin komawa. A haka ya taka Aljeriya, ya taka Mosko, ya taka Santambul. Zuwansa Mosko ya faɗo a 1881, shekarar da aka kashe Sarki Alexander na biyu, 'yan sanda suna farautar masu juyin juya hali. Baƙo marar takarda, marar gamsasshen bayanin abin da ya kawo shi, ai ya kawo kansa. Aka kulle shi, daga baya aka tasa ƙeyarsa tare da wasu fursunoni har iyakar Turkiyya. A gida ma bai tsira ba, domin ya bar barikin soja babu izini, kotun soja ta yanke masa ɗauri da aiki mai tsanani.

Tissié ya riƙa sa shi cikin irin barcin nan da likita ke jawowa da magana, wato hifnosis, sai ga Dadas yana jero garuruwan da ya ratsa da abin da ya same shi a kowanne. Ashe tafiyar ba ta goge ba, ƙofa aka rufe a kanta. A 1887, shekarar da Bourne ya ɓata, Tissié ya wallafa kundin digirinsa a kan matafiya masu taɓin hankali. A can Amurka kuma, a 1890, masanin halayyar ɗan Adam William James ya gwada wannan dabara a kan Bourne. Nan take Brown ya dawo, ya ba da labarin hanyar da ya bi da yadda ya buɗe shago. Aka tambaye shi Ansel Bourne, ya ce ya taɓa jin sunan. Aka kawo masa matarsa, ya ce bai taɓa ganin ta ba. James ya yi iya ƙoƙarinsa ya haɗa mutanen biyu su zama ɗaya, abin ya faskara.

A birnin Faris, babban likitan jijiyoyi Jean-Martin Charcot yana ganin wannan larura wani nau'in farfaɗiya ne. Yana da majinyaci, wani ɗan aiken kamfani mai kai kaya da karɓo kuɗi, wanda ya rubuta wa takardar shaida ya ce ya riƙa yawo da ita. A 1889 mutumin ya farka a Brest, can bakin teku, da kuɗin ubangidansa a aljihu. Ya nufi wani jami'in tsaro don neman taimako, ya miƙa masa takardar likita. Jami'in ya duba takarda, ya duba kuɗi, ya kai shi ɗakin tsaro. Sai da ubangidan ya aiko da saƙon wanke shi aka sake shi.

Masanin falsafa ɗan Kanada, Ian Hacking, ya bi diddigin wannan zamani a wani littafi da ya fitar a 1998. Ya nuna cewa daga 1887 zuwa wajen 1909 likitoci a Faransa da Italiya da Jamus da Rasha sun yi ta samun masu wannan larura, sannan abin ya lafa. A ganinsa zamanin ne ya share mata fage. Aikin soja ya zama tilas, saboda haka bakin likita ne ke raba wanda za a kai kurkuku da wanda za a kai asibiti. Hukuma ta matsa kan takardun shaida. Jama'a suna tsoron 'yan gararamba, a daidai lokacin da masu hali suka fara yawon buɗe ido. Masu larurar kuwa galibi maza ne masu 'yar sana'a, ba su kai su yi yawon shaƙatawa ba, ba su kuma faɗi har su zama mabarata ba. Wahalar da ke cin su gaskiya ce, amma rigar da ta sa ta zamaninsu ce.

Likitocin yau ba su jefar da kalmar ba, sun dai rage mata girma. A bugu na biyar na kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, an mayar da fuga reshe a ƙarƙashin mantuwar da ke biyo bayan kaɗuwa, wato mutum ya manta tarihin kansa, ya haɗa da tafiya ko gararamba. Ba kasafai ake samun ta ba. Takan ɗauki sa'o'i ko kwanaki, wani lokaci watanni, kuma sau da yawa farat ɗaya take sakin mutum. Kafin likita ya kira ta da wannan suna sai ya kawar da farfaɗiya, da buguwar kai, da maye, da ruɗewar tsufa. Abin da aka fi samu a bayanta shi ne wani nauyi da ya fi ƙarfin zuciya: yaƙi, ko bala'i, ko cin zarafi, ko bashi, ko rushewar aure. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A nan sa gudun a cikin ƙirji yake, shi ya sa nisan tafiya ba ya raba mutum da shi.

Rarrabe mai larurar da mai fakewa da ita abu ne mai wuya. Ranar 3 ga Disamban 1926 marubuciya Agatha Christie ta ɓace a Ingila, a shekarar da mahaifiyarta ta rasu, mijinta kuma ya nemi su rabu. Bayan kwana 11 aka same ta a wani otal a Harrogate, ta yi rajista da sunan dangin matar da mijin ke nema. Likitocin da suka duba ta sun ce mantuwa ce, wasu mutane suka ce shiri ne, kuma har yau ba a daina musu a kai ba.

Yanzu sai mu jera su. A kiɗa komai yana sauyawa, murya da mataki da sauri da mazauni, jigo kaɗai ke nan. A larura komai yana nan, harshe da lissafi da ladabi da sanin yadda ake sayen tikiti, jigon ne ya fita. Abin da ya fi ba da tsoro a labarin Bourne shi ne mako shidan nan da Brown ya yi yana saye da sayarwa, yana ba da canji daidai, yana gaisawa da maƙwabta, babu wanda ya ga alamar komai. Ashe mafi yawan abin da muke yi daga safe zuwa dare yana iya gudana ko mai shi ba ya nan. Abin da ke mayar da wannan kai-kawo ya zama rayuwar wane ɗan wane siririn zare ne: na san inda na kwana jiya, na san wanda ke bi na bashi, na san wadda ta haife ni. Suna linzami ne, in ya zame doki ba ya daina gudu.

Akwai inda ma'anonin biyu suka taɓa haɗuwa da gaske. Mawaƙi Paul Celan, Bayahude ɗan Czernowitz wanda iyayensa suka mutu a sansanin tsare mutane lokacin yaƙin duniya na biyu, ya rubuta waƙa da Jamusanci ya kira ta Fugar Mutuwa, aka buga ta a 1948. Ya gina ta da 'yan jimloli ƙalilan masu tafiya suna dawowa, suna hawa kan juna. Ya zaɓi fasahar da Jamusawa suka fi alfahari da ita don ya faɗi abin da aka aikata da sunan Jamus. Wannan ya nuna cewa azaba hanya biyu take bi da ƙwaƙwalwa. Wani ta hana shi mantawa, abin ya yi ta dawo masa a farke da cikin barci, ta kowace murya. Wani kuma ta rufe masa ƙofar gaba ɗaya, har da sunansa a ciki. Ba a ce ɗaya ya fi ɗaya sauƙi ba, kuma bai kamata daɗin kalmar ya sa mu ɗauki larurar wani abin sha'awa ba. Dadas kuka aka tarar yana yi.

Darasin da na fi riƙewa daga kiɗan shi ne cewa babu muryar da ke riƙe da jigo daga farko har ƙarshe. Wannan ta faɗe shi ta sake, waccan ta ɗauka. Wani lokaci murya takan yi shiru gaɓoɓi da yawa, sauran su ci gaba, in ta dawo ta tarar da gurbinta. Haka ma waɗanda suka ɓace wa kansu. Dadas hannun ɗan'uwansa ne ya tashe shi. Bourne saƙon waya aka buga Providence, ɗan ɗan'uwansa ya zo ya shaida shi ya tafi da shi gida. Ɗan aiken Faris kalmar ubangidansa ce ta buɗe masa ƙofa bayan takardar babban likita ta kasa. Christie mutanen otal ne suka gane ta daga hotunan jarida, mijinta ya zo ya tabbatar. Mutum ba shi kaɗai ke riƙe da kansa ba. Wani kaso na ko shi wane ne yana ajiye a wurin waɗanda suka san shi, kuma ranar da nasa ya suɓuce, da nasu ake dawo da shi.

Mu ma muna da hanyarmu ta wannan ajiya, ita ce cigiya. A rediyo, ko a lasifikar masallaci, ko a ƙofar mai unguwa, za ka ji ana faɗin sunan mutum da shekarunsa, da kalar rigar da ya fita da ita, da tsagar fuskarsa, a rufe da roƙon duk wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mafi yawan waɗanda ake cigiya ba wannan larura ce ta fitar da su ba. Amma ƙasar da ta ga rikicin Boko Haram tun 2009, ta ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa cikin dare, ba ta rasa mutanen da suka ga abin da zuciya ba ta iya ɗauka. Kuma zaman ɗar-ɗar ya sa baƙon da ya kasa faɗin sunansa da garinsu a tasha, kafin a yi masa tambaya ta uku an kira shi infoma ko ɓarawon yara, an fara neman duwatsu. Abin da ya sami Dadas a Mosko da ɗan aike a Brest ke nan, sai dai su hukuma ce ta kama su, ta kuma sake su da ransu.

Saboda haka, mai karatu, in ka gamu da mutum tsaf da shi, yana magana daidai, amma ka tambaye shi sunansa ya tsaya yana kallon ka, kada ka yanke masa hukunci, kada kuma ka bari taro ya yanke. Ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda, a nema masa likita, a ba da cigiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau, kuma kowane babban asibiti ya san inda zai tura shi. Yawancin masu wannan larura suna dawowa hayyacinsu, muddin an tsare musu rai da mutunci har zuwa ranar.